YADDA AKE DATSE CIYAWAR AKWATIN KIFIN ADO, KARA ƊAYA YA ZAMA GOMA



Yau ba maganar kaji zan yi ba, ba kuma ta tarwaɗa ba. Tun ranar da na sa hoton akwatin gilas ɗin da ke shagona a nan Jibiya mutane ke ta tambaya, wai ciyawar nan da ke cikin ruwan ta gaske ce ko roba ce? In ta gaske ce, a ina nake saye? To ta gaske ce, kuma rabona da in sayi ko kara ɗaya tun 2023. Almakashi ne ke ba ni ita. Abin da zan koya maku kenan yau, don wanda ke son shiga kiwon kifin ado da ɗan ƙaramin jari kar ya yi irin asarar da na yi.

YADDA TSORON ALMAKASHI YA KASHE MANI KIFI

Na fara wannan sana'a a 2022, bayan an buɗe bodar Jibiya a watan Afrilun shekarar. Lokacin mutanen Ɗan Isa da Maraɗi sun dawo shigowa ta Magama, na ga akwai masu son akwatin kifi a falo da ofis da shagon magani. Na je Kano na sayo kifin gupi da moli da ƴan damman ciyawar ruwa, da tsadarsu, don daga Legas ake kawo yawancinsu.

Ciyawar nan ta kama, ta yi tsawo har ta kai saman ruwa, ta kwanta ta rufe shi ruf. Ni kuma murna nake yi. Abin da na saya da kuɗina, ya za a yi in sa mashi almakashi?

Sai ga zafin watan Afrilun 2023. Wani dare aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya. Da na dawo daga sallar asuba na haska akwatin, wallahi sai da gabana ya faɗi. Fiye da rabin iyayen kifina sun juya ciki sama, sauran sun taru a kusurwa suna haki. Da na ɗaga ciyawar sai na ga sama ne kawai kore, ƙasan duk ya zubar da ganye, karan ya yi baƙi yana wari.

Ga abin da ya faru. Da rana tsiro yana ba ruwa iskar oksijin. Da dare kuwa ba ya bayarwa, shi ma shaƙa yake yi kamar kifin. Sannan ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. A zafin digiri 25, lita ɗaya na iya riƙe miligiram 8 da ɗan wani abu, amma in ya kai digiri 35 bai cika 7 ba. Ga ciyawa ta toshe saman ruwa inda iska ke shiga, ga ruɓaɓɓen ganye a ƙasa shi ma yana cin tasa iskar. Kifi ya rasa abin shaƙa.

Wanda ya buɗe mani ido ba masanin kifi ba ne. Wani dattijo ne mai lambu a bakin hanyar ruwan dam, wanda nake sayen zogale wurinsa. Na ba shi labari, sai ya yi dariya ya nuna mani zogalensa.

Ya ce, "Yaro, ka ga wancan da ban taɓa sarewa ba? Ya yi tsawo kamar falwaya, ganye sai can sama. Ka ga wannan da nake datse wa kai? Dubi rassa."

Na ce, "Baba, ai nawa a cikin ruwa yake."

Ya ce, "In dai yana da gaɓa, ɗana, dokarsu ɗaya."

Kuma haka ne.

WACE CE CIYAWA MAI KARA?

Ba kowace ciyawar akwati ake datsewa haka ba, don haka a fara gane wannan. Mai kara ita ce wadda ke tashi da dogon kara ɗaya, ganye na fitowa hawa-hawa a jikinsa. Wurin da ganyen ya fito shi ne gaɓa, kamar dai gaɓar rake ko ta karan dawa. A kowace gaɓa akwai ido da ke barci, kuma daga nan saiwa ke fitowa.

Sunayen da za ka ji a bakin masu sayarwa su ne Hygrophila, Ludwigia, Bacopa, Rotala, Limnophila, Cabomba da Egeria. Akwai kuma Ammannia, wadda wasu nau'o'inta asalinsu nan Afirka ta Yamma ne, amma sai ka ga an kai su Turai an raina ana sayar wa duniya.

A yanayinmu na Katsina da Maraɗi, waɗanda suka fi jure mani su ne Hygrophila da Bacopa da Ludwigia. Egeria 'yar Kudancin Amurka ce, ruwa mai ɗan sanyi take so. Da hunturu za ta yi kyau, bazara na shigowa ta narke. Kar ka zuba jarinka a kanta.

Biyu kuma a kiyaye. Ceratophyllum, mai ganye kamar gashin wutsiya, ba ta yin saiwa sam. In ka binne ta gindin ruɓewa zai yi. Tsinka ta kawai ka bari tana yawo a ruwa, kowane guntu zai ci gaba da tsawo. Anubias kuma, wadda ake samu a dazukan kudancin Najeriya da Kamaru, ba mai kara ba ce. Jijiya gare ta mai kauri a kwance kamar citta. Ita ɗaure ta ake yi a jikin dutse ko itace, kuma wannan darasin bai shafe ta ba.

ME YA SA DATSEWA KE ƘARA MATA YAWA?

Kan tsiro, wato tohon da ke can sama, yana fitar da wani sinadari da masana ke kira okzin, kar a haɗa shi da oksijin. Sinadarin nan yana gangarowa cikin kara yana hana idanun da ke gaɓoɓin ƙasa farkawa. Muddin kan yana nan, tsiron tsawo kawai zai yi. Ranar da ka cire kan, idanun da ke kusa da wurin yankan sai su farka. A masu ganye biyu-biyu irin su Hygrophila da Ludwigia, galibi rassa biyu ke fitowa a madadin ɗaya.

Shi kuma kan da ka yanke bai mutu ba. Ka dasa shi, gaɓar da ta shiga yashi za ta fitar da saiwa, ya zama sabon tsiro. Duk wanda ya taɓa dasa dankalin Hausa ko rogo ya san wannan aikin, ba iri ake shukawa ba, kara ake yanka.

To ka ga yanka ɗaya ya ba ka uku kenan: kan da ka dasa, da rassa biyu a kan kututturen.

KAYAN AIKI

Ba sai ka sayi na kanti ba. Almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai wannan, ko sabuwar reza. Hantsaki mai ɗan tsawo na dasawa, in babu yatsunka sun isa. 'Yar ragar kamun kifi. Roba da ruwa a ciki ta ajiye abin da ka yanko. Dakusasshen almakashi murƙushe kara yake yi, wurin kuma ya ruɓe. Ka wanke hannu da ruwa zalla kafin ka sa a akwati, ban da sabulu, ban da man shafawa. Wanda ya fito daga ɗakin kaji bayan feshin magani, ya bari sai ya wanke jiki sosai.

YADDA AKE YI

1. Jira ta kama. Sabuwar ciyawa da ka dasa, ka ba ta mako biyu zuwa uku, sai ka ga sabon ganye, kuma in ka ɗan ja ta ka ji ta riƙe ƙasa. Wadda ba ta yi saiwa ba in ka datse ta, ka haɗa mata wahala biyu.

2. Yankan farko a yi shi ƙasa. Nan mutane ke kuskure, sai su tsinke ɗan saman kawai. Rassan za su fito daga inda ka yanka, to in can sama ka yanka, za ka samu dogon kara tsirara da tuntu a kai. Ka sauko wajen rabin tsawon tsiron ko ƙasa da haka, amma ka tabbata ka bar wa kututturen gaɓa uku ko huɗu masu ganye lafiyayye.

3. Yanka dab da saman gaɓa. Ka bar ɗan abin da bai wuce rabin santimita ba. In ka bar dogon guntu sama da gaɓa, guntun zai ruɓe, wani lokaci ruɓar ta gangaro.

4. Gyara kan da ka yanko. Tsawonsa ya kai santimita 8 zuwa 10, wato kamar tsawon ɗan yatsanka na tsakiya, da gaɓa huɗu ko fiye. Rage karan da ya yi saura ƙasa da gaɓar ƙarshe. Sai ka cire ganyen gaɓa biyu na ƙasa da farce, a hankali, kar ka saɓule fatar karan. Duk ganyen da aka binne ruɓewa yake yi.

5. Dasa ɗaya-ɗaya. Ka tura shi cikin yashi santimita 3 zuwa 4, ka ɗan karkata shi don kar ya taso. Tsakanin kowane da ɗan uwansa a bar faɗin yatsa biyu. Kar ka dasa su a dami yadda aka sayar maka, da roba ko dalma a gindi. Na tsakiya ba sa samun haske, su ne ke fara mutuwa. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za ka ga fararen saiwoyi.

6. Kwashe tarkace. Duk ganyen da ke yawo a sa raga a kwashe, sannan a canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan. In ruwan famfo ne, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana saboda kilorin.

7. Yanka na biyu ya ɗara na farko. Bayan mako uku zuwa huɗu rassan sun yi tsawo. Yanzu ka yanka gaɓa ɗaya ko biyu sama da inda ka yanka a baya, don kowane reshe shi ma ya rabu biyu. Haka ake samun cunkus ɗin nan mai kyau da kuke gani a hotunan akwatunan marigayi Takashi Amano, ɗan Japan ɗin nan da ya shahara a wannan fanni, wanda ya rasu a 2015. Ba wani asiri ba ne, almakashi ne a kan lokaci.

Bayan an datse kututture sau uku ko huɗu, zai tsufa, ƙasansa ya yi tsirara, rassan da yake bayarwa su riƙa sirancewa. A nan sai ka tumɓuke tsohon gaba ɗaya, sannu a hankali don kar ka tayar da laka, ka dasa sababbin kawuna a gurbinsa.

ABIN LURA: KAR A ASKE AKWATI DUKA RANA ƊAYA

Na yi wannan ma. Da na gane amfanin datsewa sai na wuce gona da iri, na aske akwati guda tas. Kwana biyar ruwa ya koma kore, gansakuka ta rufe gilas. Dalili shi ne ciyawar nan ita ke shanye amoniya da sauran dattin da kifi ke fitarwa. In ka cire ta lokaci ɗaya, abincin ya rage wa gansakuka, ga haske ya samu hanya. Yanzu gefe ɗaya nake datsewa, bayan mako guda in yi ɗaya gefen. A makon kuma nakan rage wa kifi abinci kaɗan.

Haske awa 6 zuwa 8 a rana ya isa. Kar a ajiye akwati inda rana ke dukansa kai tsaye, ruwan zai yi zafi, gansakuka ta samu gida. Da sanyin hunturu tsiro yana rage sauri, to kai ma ka rage almakashi. Kafin shigowar zafin Maris da Afrilu kuwa, ka tabbata aƙalla rabin saman ruwanka a buɗe yake. Da na san wannan da iyayen kifina ba su mutu ba.

GANDUN RENO A ROBAR WANKI

A watan Agustan 2023 aka sake rufe boda bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli. Mu mutanen Jibiya mun san abin da wannan ke nufi, don mun ga irinsa tun 2019. Ciniki ya tsaya cak, kuɗin mota zuwa Kano ya ninka saboda tsadar mai, kuma abin da ya rage mani mai rai bai wuce kara goma ba. A kansu na koyi reno.

Ga lissafin a takarda. Kara 10, yankan farko ya ba ka kai 10 na dasawa da rassa 20, jimla 30. Yanka na biyu, 30 ɗin nan su zama 90. A zahiri ba za ka samu haka cif ba, wasu za su ruɓe, wasu reshe ɗaya za su bayar. Ka sa ran rabi. Ko rabin ne, wace kaza ce ke ninka kanta haka cikin wata biyu ba tare da ka sayi buhun abinci ba?

Don reno ba ka buƙatar gilas. Samu faffaɗar robar wanki. Zuba ƙasar lambu kaurin santimita 2, wadda ba a yi wa feshi ba, ka rufe ta da wankakken yashin gulbi santimita 3. Wannan tsarin na ƙasa a ƙarƙashin yashi, wata Ba'amurkiya mai suna Diana Walstad ce ta yaɗa shi da littafinta na 1999, kuma ya dace da mu don ba ya cin kuɗi. Ka ajiye robar a inuwa mai haske, kamar gindin bishiya ko baranda.

Dabara biyu na reno:

Ta farko, kwantar da kara. Maimakon ka dasa shi a tsaye, ka kwantar da dogon kara a kan yashi ka danne shi da ƙananan tsakuwa. Kusan kowace gaɓa za ta tura saiwa ƙasa, ta tura reshe sama. In rassan sun kai tsawon yatsa sai ka yanka tsakaninsu.

Ta biyu, reno a waje da ruwa. Yawancin waɗannan tsirrai 'yan fadama ne, suna rayuwa a cikin ruwa da wajensa. Ka sa ruwa iya jiƙa yashin, ka dasa, ka rufe robar da farar leda mai 'yan huji don laima ta zauna. Sun fi sauri a haka saboda iskar kabon da suke ci ta fi yawa a sarari fiye da cikin ruwa. Manyan gidajen renon tsirrai na duniya haka suke yi. Amma ka gaya wa mai saye gaskiya, in ya nutsar da ita tsohon ganyen zai narke kafin sabon na ruwa ya fito. Kar ya zubar, ba mutuwa ta yi ba. Cabomba da Egeria da Ceratophyllum ba sa yin wannan, su sai cikin ruwa.

Mu masu kaji akwai jarabar da ke kama mu: kashin kaji. Kar ka kuskura ka zuba shi, ko takin yuriya, a akwatin da kifi ke ciki. Amoniya suke saki a ruwa, kifi ba zai kwana ba. Kashin kifin da ke ciki ya ishi ciyawa mai sauƙin rai.

INA RIBAR TAKE?

Wuri uku. Na farko, gupi da moli haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kusan duk wata, kuma iyayen na cinye 'ya'yan. A akwati mai cunkoson ciyawa 'ya'yan na samun maɓoya, waɗanda ke tsira sun fi yawa nesa ba kusa ba. Na biyu, akwati mai ciyawa ta gaske ya fi na roba daraja a idon mai saye. Na uku, ita kanta ciyawar kaya ce, kara biyar ko shida a dami. Da aka buɗe boda a watan Maris na 2024, robobi na cike suke, kuma baƙin farko da suka shigo daga Maraɗi da ciyawa suka koma.

Amma kar a haɗa ta da tarwaɗa, tumɓuke ta zai yi. Karfasa da golfish kuma cinye ta suke yi kamar akuya ta samu rama.

In za a yi tafiya da ita, ba a cikin ruwa ake ɗauka ba. A naɗe ta a jiƙaƙƙiyar jarida, a sa a leda, a hura iska a ɗaure, a ajiye inda rana ba ta bugu. Tana kwana biyu lafiya. Wanda zai tsallaka da kaya da yawa, ya fara tambayar jami'an hukumar NAQS, masu duba tsirrai da dabbobi da kifi a kan iyaka, ya ji abin da ake buƙata.

GARGAƊI BIYU KAFIN IN RUFE

Na farko, wani zai ce ai ga dam nan, bari in je in tsinko kyauta. Ana samun masu kyau a bakin ruwa, gaskiya ne. Amma suna zuwa da baƙi: matsattsaku, da 'ya'yan mazari masu cinye ƙananan kifi, da ƙananan katantanwa waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini. In ka ɗebo, kar ka shiga ruwan da ƙafa tsirara, ka sa safar hannu. A gida ka jiƙa ta awa biyu zuwa uku a ruwan alif, babban cokali ɗaya a lita 4, ka ɗauraye sosai, sannan ka killace ta a bokiti ita kaɗai mako biyu kana dubawa, don ƙwan katantanwa na iya tsira. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyu, kuma wannan amana ce. Ragowar da ka datse kar ka zubar a kwata ko gulbi ko dam. Ka tuna kowane guntu mai gaɓa tsiro ne. Ruwan dam ɗin Jibiya na kogin Gada ne, kuma shi ke gangarawa ya shiga Nijar ya bi ta Maraɗi. Ciyawa ba ta san boda ba. Kainuwar Turawa mai shuɗin fure, 'yar Kudancin Amurka, don ado aka riƙa yawo da ita a duniya, ta shigo ruwan Legas wajen 1984, yau ta addabi masunta har a kogin Kwara. Mutanen Haɗeja da Nguru kuma su ba ku labarin abin da kacalla ta yi wa hanyoyin ruwansu. Ka shanya ragowar a rana ta bushe ƙurmus, sannan ka zuba a ramin taki.

Wanda bai da akwati tukuna, ga aikin gida. Yanko reshen dankalin Hausa mai gaɓa biyar, ka cire ganyen ƙasa, ka sa a kwalbar ruwa a bakin taga. Duba inda saiwa za ta fito. In ya kama, datse kan, ka ƙirga rassan da zai ba ka. Gani ya kori ji. Ranar da hannunka ya daina rawa a kan dankali, to ka isa ka taɓa ciyawar da ka saya da kuɗi.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, in sha Allah zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu zaman lafiya a Jibiya da ƙasa baki ɗaya. Amin.